Miligiram Uku na Maganin Awaki

Mutumin farko da ya yi mini magana a ƙasar Beljik ɗan duwan ne, mai binciken kayan matafiya, kuma ba gaisuwa ya yi ba. Ya sa na juye jakata a kan tebur, ya kwashe kilishin da ƙanwata ta cusa mini ya jefa a kwandon shara, sannan ya nuna haɓar zanena ya ce, "Wannan ƙullin fa?" Laifina ne. Tun da muka sauka hannuna yana kan ƙullin, ko makaho ya san akwai abu a ciki.

Na kwance. 'Yar kwalba ce da ba ta kai ɗan yatsana tsawo ba, a gindinta wani farin gari wanda in ba ka karkata ta wajen haske ba za ka rantse babu kome. Mace daga jirgin Kasablanka, da farin gari ɓoye a bakin zane. Ko ni ce shi sai na tsaya na duba. Ya kama murfin zai murɗa, ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba.

Na ce masa da Faransanci, "Mushe, don Allah kar ka buɗe. In ka yi atishawa, shekara biyu ta tafi."

Ya dubi hannuna, na saki. Na miƙa masa takardar gayyata daga profesan da zan yi aiki a labonsa, wato ɗakin bincikensa. Ya tafi da ita da kwalbar wani ɗaki, ya bar ni kan benci. Na tashi, na zauna, na je bakin ƙofar na dawo, har wata 'yar sanda ta ce in zauna wuri ɗaya. Bayan awa biyu ya fito ya ajiye mini kwalbar a tafin hannu, murfinta a rufe, bai ce mini ko sannu ba.

Sunana Rakiya, 'yar Gangara ce ni, ina koyar da kimiyya a wata lakol a Agiye. Farin garin nan na cikin kwalba kuwa asalinsa saiwa ce. Inna Dije, wata tsohuwar Bafulatana da ke kawo nono kasuwarmu, ita ta nuna mini ɗan tsiron a gindin tudun rairayi. Suna jiƙa saiwarsa su ba awaki in tsutsar ciki ta kama su. Ba a tona ta sai damina ta ɗauke. Kaka biyu na yi ina tona, ina shanyawa, ina dakawa, duk hutun lakol kuma ina labon jami'a ina jiƙawa da tacewa, ina sake tacewa, har buhu biyu suka koma miligiram uku. Abin da ya rage shi ne a san ko mene ne wannan garin, kuma na'urar da ke iya faɗa babu ita a wajenmu. In na dawo da sunansa, na gama littafin doktorana. In ban dawo da shi ba, babu saiwa sai wata kakar, babu kuma wanda zai sake ba ni izinin barin aji. Sati goma diraktan lakol ya ba ni, ya faɗa sau biyu don kar in ce ban ji ba.

Ɗakin da aka ba ni yana can saman wani gida, rufinsa a karkace, in na miƙe da sauri sai na gwara kai. Ni kuwa ban taɓa iya miƙewa a hankali ba. Kwana uku ina gaida duk wanda na gamu da shi a matattakala, suna kallona kamar zan roƙe su wani abu, daga nan na daina. Rana ba ta fitowa, sai wani haske mai kama da ruwan tsari, shi ma kafin la'asar ya tafi. Na yi kewar hayaniya ƙwarai. Ni da nake zagin 'yan kabu-kabun tashar Agiye kullum, sai ga ni ina buɗe taga ko zan ji babur.

Na'urar tana ƙasan bene. RMN suke ce mata. Wani farin tulun ƙarfe ne mai girman ƙaramin rumbu, a kan ƙafafu uku, da tsani a gefensa. Maganaɗisu ne a ciki, mai ƙarfin da zai fizge makulli daga hannunka, shi ya sa aka ja jan layi a ƙasa. Mai kula da ita wata tsohuwa ce, Madam Odil, gajera, gashinta fari fat, gilashinta rataye a wuya. Ranar farko ta tsayar da ni a bakin layin ta ce in cire waya, da agogo, da duk wani ƙarfe. Na cire. Ta zagaya bayana ta zare fil biyu daga ɗankwalina ba tare da ta tambaye ni ba. Na ce a raina, wannan tsohuwa ba za mu shirya ba.

Ita ta koya mini haɗa samfur, sati guda cur, da garin da suka riga suka sani. Aikin ba shi da yawa amma ba ya son garaje. Akwai siririn bututun gilas, tsawonsa taƙi ɗaya, bai kai kaurin fensir ba. A wanke shi, a busar a akwatin zafi. A narkar da gari cikin wani ruwa na musamman da ke zuwa a ƙananan kwalabe liƙaƙƙu, wanda aka yi shi don kada na'ura ta gan shi, ta ga abin da ke cikinsa kawai. A tace ta cikin 'yar auduga, don ko ƙwayar da ba ta narke ba ɗaya tana ɓata aiki. A zuba a bututu daidai tsayin yatsu uku, a rufe, a goge bayansa, a rubuta suna, a ajiye a layi. Madam Odil ta hau tsani ta zura shi ta saman tulun. Can sai zane ya fito a allon ordinata, wato kwamfuta: dogon layi mai tsini-tsini, kowane tsini yana faɗin yadda wani yanki na abin yake zaune. Mai ido ya haɗa su ya fitar da suna.

Ta ce, "Garinki ba ya narkewa sai a wancan ruwan na kwalba mai jan baki. Ki kula da shi, mayen laima ne. In kika bar shi a buɗe zai sha ruwan da ke cikin iska, kuma na'urata tana ganin ruwa fiye da kome."

Na ce na ji. Ni duk gani nake ana ɓata mini lokaci.

Ɗalibai sun fi ashirin, na'ura ɗaya, don haka kowa da ranarsa a wata takarda da ke manne a ƙofa. Ni Talata aka ba ni. A nan Tiyeri ya shigo. Ɗalibi ne ɗan shekara ta ƙarshe, dogo, mai fara'a, shi kaɗai ke tambayata yaya na kwana. Ya nuna mini shagon da ake sayar da barkono mai zafin gaske, na sa masa albarka har ya ji kunya. Sai ya ce in ba shi Talatata, aikinsa na gaggawa ne, zai ba ni Juma'arsa. Na ba shi. Juma'a ta zo, ya ce ai ya manta an riga an zura masa dogon aiki, amma ta gaba tawa ce, in dai ƙara masa Talata ɗaya. Mutumin da ya nuna maka barkono a ƙasar da ba kowa, ta yaya za ka ce masa a'a? Sai da ya cinye mini Talata uku sannan na je na karanta takardar da kyau. Tiyeri ba shi da Juma'a, bai taɓa samun ta ba. Na tare shi wajen shan kofi na wanke shi tas a gaban jama'a, rabi da Faransanci, inda Faransancin ya gaza na ƙarasa da Hausa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce rashin fahimta ne. Sati huɗu sun riga sun wuce.

Da zan haɗa nawa garin, na raba shi uku. Ban shawarci kowa ba, ban kuma gaya wa kowa ƙanƙantarsa ba, don ina jin kunyar a ga ɗan abin da na ɗauko tun daga Nijar alhali su cokali suke sawa su ɗiba. Babana manomi ne, bai taɓa shuka irinsa duka a ruwan farko ba, yakan rage na maimai ko da shukar ta ƙone. Haka na yi. Na shiga ɗan ɗakin haɗawa ni kaɗai, na yi bisimilla, na bi kome daki-daki.

Zanen ya fito ina tsaye bayan Madam Odil. Gefe da gefe ga 'yan tsinina, kyawawa, amma a tsakiya wani ƙaton tudu ya tashi ya rufe kome, daidai wurin da ake bukatar gani.

Ta ce, "Ruwa." Ta miƙo mini bututuna, ta kira na gaba.

Na ɗora wa kwalbar ruwan narkarwa laifi, na ce wani ya bar ta a buɗe, har na san wanda nake zargi. Sati na gaba na karɓi sabuwa liƙaƙƙiya, na bar bututu kwana biyu a akwatin zafi, na shanya ragowar garin a tukunyar gilas mai tsotse laima. Na haɗa kashi na biyu da taka-tsantsan fiye da na farko. Tudun ya dawo, ya ma fi na da girma.

Profesa ya kira ni buronsa, wato ofishinsa. Mutum ne mai ladabi, irin ladabin da gara a zage ka. Ya jera zanen biyu a tebur ya ce, "Madam, na san yanayin aiki a can wajenku ba sauƙi. Wataƙila abin da kika kawo bai tsarkaka ba tun daga tushe. Ba abin kunya ba ne." Na tuna ranakun da wuta ta ɗauke ina fifita kwalabe da kwali, na tuna bayana da ya ƙage wajen tono. Na ce masa na gode. Na sauka ɗakin haɗawa, na ɗauki bututun nan biyu na tuttule su cikin jarkar zubar da dagwalo, na wanke su har sau uku. A wajenmu abin da ya shiga wannan ruwan ya shiga ke nan, ba mu da hanyar fitar da shi, ban ga amfanin su zauna suna kallona ba.

Ranar Lahadi mijina, Malam Isuhu, ya kira.

Ya ce, "Rakiya, lahiya dai? Muryakki ba daɗi."

Na ce lahiya lau.

"Na gamu da direkta kasuwa. Ya ce in tuna miki sauran sati ukku, wai wanda ka riƙe miki aji shi ma za shi tahi. Mi ake ciki can?"

"Ana nan ana yi."

"To. Ga ɗiyakki nan ta hana ni sakat."

Ta karɓa ta ce, "Mama, kin gano sunan abin? Inna Dije ta ce in tambaye ki." Shekararta shida. Na ce mata saura kaɗan. Da muka gama na fita, na bi bakin kogin garin da ƙafa har inda gidaje suka ƙare, na dawo, na sake komawa. Kuka nake son yi amma sanyi ya hana ni tsayawa.

Litinin da safe na je na gaya wa Madam Odil gaskiya, cewa kashi ɗaya ya rage mini, kuma bai kai ƙwayar gero ba. Ta sa gilashinta ta dube ni, ina jin ranar ce ta fara dubana sosai. Ta bar wa ɗalibai saƙo a ƙofa, ta ja kujera zuwa ɗakin haɗawa, ta ajiye mini ɗan sukari a takarda.

Ta ce, "Ki haɗa wannan kamar naki ne. Ba yadda na koya miki ba, yadda kike yi in ba kowa. Ni ba na nan."

Na sa safar hannu. Na auna sukari, na fasa bakin kwalba, na narkar, na shirya auduga. Na ɗauko bututu daga akwatin zafi, na jira ya huce, na ɗaga shi wajen fitila na leƙa, na sauke, na kai hannu zan zuba.

"Tsaya! Me kika yi yanzu?"

"Na duba shi."

"Bayan nan."

"Ban yi kome ba."

"Kin hura masa iska. Sau biyu."

Na ce ban hura ba. Har ga Allah na yarda ban hura ba, na fara ɗaga murya ma. Ba ta yi musu da ni ba, ta karɓi bututun ta kai shi gaban idona. Cikinsa ya yi hazo daga baki har tsakiya, ina kallo yana washewa a hankali.

Na zauna a kan kujerar da ke bayana. A Gangara ba a zuba abu a mazubi sai an hura. Ƙwarya, moɗa, kofin shayi, ludayi, ko yanzu aka wanke shi, sai ka kai baki ka yi fuu, don rairayi ba ya rabuwa da kome, ga ƙaiƙayi, ga 'yan ƙwari. Uwata tana yi, ni ma ina yi tun ban san sunana ba. Wanda ya miƙa wa baƙo ruwa bai hura moɗar ba, ƙazami ne. Lokacin koyo, Madam Odil ke miƙo mini bututun a shirye, garin kuma mai yawa ne, ba nawa ba. Amma da na zo kan nawa, abin da na fi ƙauna, sai hannuna da bakina suka yi masa abin da suka sani na girmamawa. Karo na biyu da na ƙara kulawa, na ƙara hurawa ke nan.

Na yi mata bayani ina dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu dabam. Ta bar ni na gama. Ta fita ta dawo da kofi biyu da wani biskit mai taurin tsiya, muka ci.

Ta ce, "Shekara talatin ina nan. Na ga mai zuba gashin gira, na ga mai man shafawa. Ban taɓa ganin wanda ya ɓata samfur don tsabta ba."

Talatata ta gaba ba za ta isa ba, don ɗan abin da ya rage yana bukatar na'ura ta daɗe a kansa. Sai ta ba ni Asabar, ranar da take rufe ɗakin don duba lafiyar tulun. Na haɗa kashi na ƙarshe da takunkumi a baki, na ƙara ɗaure haɓar ɗankwali a kai, tana tsaye a gefena. Ta hau tsani ta zura shi da ƙarfe takwas na safe. Ta ce in je in zaga gari, sai azahar. Ban je ko'ina ba. Na auna dogon barandar nan da ƙafa har na san tayil ɗin da ya fashe, na yi salla a ƙarƙashin matattakala, na dawo na ci gaba.

Da ta kira ni, na kasa duban allon, sai na dubi fuskarta tukuna. Ta nuna mini da haɓa. Tudun ya koma ɗan ƙaramin tsini a gefe. Inda yake a da, ga 'yan tsini a jere, sirara, kowane a tsaye da kansa. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan layin ba, kuma ina da 'ya.

Ta buga wa profesa waya, ya zo da rigar gida da laima a hannu. Ya zauna ya daɗe yana aune-aune da fensir. Can ya ce babban abin da ke ciki sananne ne, an taɓa samunsa a wata bishiya, amma ba a taɓa samunsa a wannan saiwa ba, kuma wannan ya ishe ni littafina. Ya rubuta mini sunan, ya ci layi guda da rabi. Ya cire hula ya ce, "Aikinki mai tsabta ne, Madam. Na yi kuskure." Na so in ja masa rai, amma daɗi ya hana.

Bai tashi ba. Ya matsa kusa da allon, ya sa aka faɗaɗa wani wuri. A gindin manyan tsinin akwai wasu ƙanana, kamar 'ya'ya a bayan uwa. Ya ce akwai abu na biyu a ciki, ɗan'uwan na farko ne amma ba shi ba ne. Ya bincika a ordinata ya sake bincikawa. Muryarsa ta sauya. Ya ce bai ga inda aka taɓa rubuta wannan ba, sai dai abin da ke cikin bututun ya yi kaɗan a tabbatar. Da za a samu ninkinsa biyu a ƙara, da an gama magana kafin in tafi.

Madam Odil ta ce, "Ai akwai. Na farko da na biyu ruwa ne kawai ya shige su. Muna da injin da ke daskarar da su ya tsotse ruwan duka, garin ya dawo yadda yake. Rakiya, ina kika ajiye su?"

Wannan ne karo na farko da ta kira sunana. Na so in ce sun faɗi sun fashe, ƙaryar har ta zo bakina.

Na ce, "Na zubar da su. Ranar da na fito daga buronsa. Ban san ana iya dawo da su ba, ban kuma tambaya ba."

Profesa ya dubi ƙasa, ya naɗe laimarsa da ta riga ta naɗu, ya ce za mu yi magana Litinin, ya fita. Na rataya jakata ni ma zan bi bayansa, don ba na son ta ga fuskata.

Ta ce, "Saiwar nan, yaushe ake tona ta?"

"Sai damina ta ɗauke. Wata bakwai nan gaba. Tacewa kuma ta ci shekara."

"Ni ƙarshen Yuni zan ajiye aiki." Ta goge gilashinta da bakin riga, ta daɗe tana gogewa. "Wanda za a kawo bayana ba zai ba ki Asabar ba, ba kuma zai zauna ya kalli bakinki ba. Kwana nawa ya rage miki?"

"Goma sha biyar."

Ta tashi daga gaban allon, ta juyo mini da kujerar.

"To zo ki koyi tuƙa na'urar da kanki. Ki fara da wannan maɓallin, kuma kar ki yi mini sauri."

Na sauke jakar daga kafaɗata, na zauna.